Yaren da na ƙirƙira wa labarina ya ƙi zama a bakin mai karatu, ina na kuskure?

'Yar Ƙofar Na'isa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata matsala ce ta tsaya min a rai kusan sati uku, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai malaman harshe a cikinmu.

Ni marubuciya ce. Shekara shida ke nan ina rubuta labarai ina sakinsu shafi-shafi a WhatsApp, daga baya wata baiwar Allah ta fara karanta su da murya tana ɗorawa a YouTube, saboda iyayenmu mata da masu aikin hannu da ba su da sukunin zama su ƙura wa waya ido. Duk labaraina na baya na cikin gida ne: aure, zaman kishi, rabon gado. Wannan karon na ɗauko wani abu daban. Labarin wata yarinya ce 'yar fatake, ayarinsu ya ɓata a hamada, ta faɗa hannun wasu mutane da ke zaune cikin kogwannin wani ƙaton dutse, waɗanda ba su taɓa jin Hausa ba. Rabin labarin a kan yadda take koyon maganarsu ne, tana nuna abu da yatsa ana faɗa mata sunansa. Don haka ba zai yiwu in ce "suka yi magana da yarensu" in wuce ba. Dole mai sauraro ya ji yaren da kunnensa.

Na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na yi ta zuba kalmomi har 214. A tunanina, in ana so yare ya yi kama da na baƙi, sai a tara masa haruffan da ba mu da su. Na zuba p da v da x, na ɗauko gb na Yarabawa, na riƙa jera baƙaƙe uku-uku ba wasali a tsakani. Ruwa na sa masa skren. Wuta pthax. Shugabansu, wani tsoho mai ido ɗaya wanda a kansa labarin ya tsaya, na sa masa suna Vlost. A takarda sun yi min kyau ƙwarai, har wani kwarjini nake gani a jikinsu.

Da aka fara karantawa sai abin ya watse. A kashi na 3 mai karatun ta ce sikirin, a na 7 ta ce sukuren, a na 9 sakaran, duk ruwan nan ɗaya. Pthax tsallake shi ta yi, ta ce "wuta" kawai. Vlost kuwa ya koma Bulos, har wata ta tambaya a ƙasan bidiyon ko tsohon sunansa Bulus ne. Ban ga laifin mai karatun ba, don da na rufe ɗaki na gwada faɗinsu da ƙarfi, na ji harshena shi ma yana laluben wasalin da zai dafa.

Sai na koma na sauƙaƙa. Na yi sababbi irin su tamaki, rabuna, sakudi. Na karanta wa ƙanena, ya saurara har ƙarshe sannan ya ce, "Yaya, ai wannan zaurance ne, irin wanda kuke yi da ƙawayenki don kada Mama ta gane. Kuma tamaki ɗin nan kowa tumaki zai ji." Maganar ta zauna min, don gaskiya ya faɗa.

To ga inda na tsaya. In na tsananta, ba ya faɗuwa. In na sassauta, ya zama Hausa da aka sauya wa riga. Baƙaƙe nawa da wasula nawa ya kamata in ɗauka? Ta yaya yare zai zama baƙo a kunnen Bahaushe amma bakin Bahaushe ya iya ɗaukarsa? Kuma karin sauti fa, in sa ko in bari? Kashi na 10 yana jirana, a nan ne yarinyar za ta fara haɗa jimla.

Tsohon Malami, Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Shekara 31 na yi ina koyar da tsarin sautin Hausa a kwalejin horon malamai kafin in ajiye aiki, kuma tambayarki ta faranta min rai. Abin da ɗalibai ke haddacewa don jarrabawa, ke kin ci karo da shi a bakin aiki.

Mai karanta miki dokar harshenta ta bi. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, kamar da, baƙi da dogon wasali ko tagwai, kamar so da kai, sai baƙi da wasali da baƙi, kamar nan da har. Shi ke nan. Ba ma fara gaɓa da baƙi biyu. Wani zai ce to kwana da gyaɗa fa? Kw da gy kowannensu baƙi ɗaya ne da aka rubuta da harafi biyu, kamar sh da ts. Ko kalmomin da muke ganin sun fara da wasali, irin ido da abinci, akwai hamza a gabansu, rubuta ta ne ba ma yi.

Shi ya sa duk kalmar da ta shigo mana da baƙaƙe a cunkushe sai mun raba su. Dubi burodi, firamare, sikeli, fulawa, direba, buroshi. Kowace a cikinsu baƙi biyu ne a farkonta a bakin Bature. Wasalin da ake saƙalawa kuma ba kullum yake zama ɗaya ba, wani ya ce firamare wani ya ce furamare. Ga asalin sikirin da sukuren ɗinki. P kuwa ba mu da shi a matsayin baƙi mai cin gashin kansa, f muke mayar da shi: fensir, fasinja, fakiti. V kuma b yake komawa: biza, bidiyo, talabijin. In baƙi biyu suka haɗu a ƙarshe, ko mu yar da ɗaya kamar a fam, ko mu ƙara wasali kamar a siminti. Ki ɗora waɗannan a kan Vlost ɗaya bayan ɗaya, Bulos za ki samu. Ko ni aka ba ni, abin da zan faɗa ke nan.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe. Kunne ba ya gane harshe da yawan haruffansa. Yana gane shi da abin da yake maimaitawa da abin da bai taɓa yarda da shi ba. A gwajinki na farko babu doka ko ɗaya, kowace kalma daga garinsu ta zo. A na biyu kuma kin bar dokokin Hausa gaba ɗaya a inda suke, gaɓoɓi kawai kika jujjuya, wanda shi ne ainihin aikin zaurance. Ƙanenki yana da kunne.

Mafita ita ce ki zaɓi dokokin Hausa biyu ko uku ki karya su, amma waɗanda baki zai iya jurewa. Misali, kalmominmu na asali kusan duk da wasali suke ƙarewa. Amma ba don bakinmu ya kasa rufewa da baƙi ba ne. Dubi amsa-kama: fari fat, ja wur, ɗaya tak, tsaya cak, gyara tsaf, shiru tsit. Yaro ɗan shekara uku yana faɗinsu. To in kika ce a yaren mutanen kogonki kowace kalma da baƙi take ƙarewa, kunne zai ji baƙunta nan take, harshe kuma ba zai yi tuntuɓe ba.

Na biyu, ragewa ta fi ƙarawa tasiri. Ki duba kowane layi na Hausa ki ƙirga r nawa ne a ciki. Har iri biyu gare mu, ra-gare da ra-kaɗe, ko da yake harafi ɗaya muke rubuta su da shi. Ki cire r kwata-kwata, ki cire masu ƙugiya da ts, ki gani ko wani zai sake ce miki zaurance ne.

Na uku, harshe mai rai sautukansa suna taɓa juna. Muna cewa mota, motoci, gida, gidaje, ƙasa, ƙasashe, ɓarawo, ɓarayi. T da d da s da w ne suke sauyawa idan i ko e ya biyo su, abin da muke kira ganɗantawa. Ga kuma baƙin da ke laushi a ƙarshen gaɓa: Basakkwace ya ce zamna da amre, Bakano ya ce zauna da aure, muna cewa fatake amma tilonsa farke. Wani Bajamushe mai suna Klingenheben ne ya fara tsara bayanin wannan, har yau da sunansa ake kiran dokar. Ki ba wa yarenki doka ɗaya irin wannan, tasa ta kansa. Mai sauraro ba zai iya faɗin mece ce ba, amma zai ji cewa mutane sun daɗe suna tauna wannan magana.

Ɗan Maraɗi

Hajiya sannu da ƙoƙari. Ni ɗalibin lissafi ne, amma harsunan da mutane suka zauna suka ƙirƙira da gangan su ne abin da nake raba dare ina karantawa. Maganar Malam ta a rage maimakon a ƙara, akwai shaidarta.

Akwai wani harshe Toki Pona, wata 'yar Kanada mai suna Sonja Lang ta fito da shi a 2001. Haruffansa 14 ne kacal: wasula 5, baƙaƙe 9, wato j k l m n p s t w, kuma j ɗin kamar y namu ake faɗinsa. Gaɓarsa baƙi ne da wasali, in an so a rufe da n. Ta kuma hana gaɓoɓi huɗu: ti, ji, wo, wu. Ki lura da ti ɗin nan, ita ce gaɓar da bakuna da yawa ke karkatarwa zuwa ci, kamar yadda Malam ya nuna a motoci. Saboda ƙarancin baƙaƙen, ko Bahaushe ya ce fona maimakon pona ba wata kalmar da zai faɗa cikinta, tunda babu f a harshen.

Esperanto kuwa darasinsa daban ne. Wani likitan ido, Zamenhof, ya wallafa shi a birnin Warso a 1887, da nufin ya zama na duniya baki ɗaya. Haruffa 28, wasula 5. Amma kunnensa na gabashin Turai ne, sai ga kalmomi irin knabo, wato yaro, da scii, wato sani, wanda ake fara shi da s a bi shi da wani sauti mai kama da ts ba wasali a tsakani. Shi bai ga wahalarsu ba don haka aka saba a inda ya tashi. Ya kuma sa wani harafi ĥ, mai sautin خ na Larabci. Masu magana da harshen da kansu suka riƙa mayar da shi k, ĥemio ta koma kemio. Abin da ya sami Vlost ɗinki ya sami wanda ya fi shi shekaru.

Wanda ya fi kusa da aikinki shi ne na fina-finai, don su ma sai wani ya faɗa da baki. Klingon, wanda Marc Okrand ya tsara wa fina-finan Star Trek a shekarun 1980, da gangan aka yi shi ya yi kaushi. Yana da v ba shi da f, ba shi da k irin namu, yana da sautuka masu kama da ق da خ da غ, da wani da ake rubutawa tlh. Amma ki duba gaɓarsa: baƙi ɗaya ne a farko, wasali, galibi baƙi ɗaya ya rufe. Ba kalmar da ke farawa da baƙi biyu, ba wadda ke farawa da wasali tsirara. Kusan ginin gaɓar Hausa. Duk kaushin a cikin sautukan yake, ba a cunkusa su ba. Kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya zauna gaban malamin tajwidi, waɗancan sautukan uku ba baƙinsa ba ne.

Na fim ɗin Avatar na 2009 ma haka. Paul Frommer ya cire b da d da g, ya sa wasu da ya rubuta px, tx, kx don su yi wa masu jin Turanci kama da maganar wata duniya. To kx ɗin nan ƙ ne, namu na ƙasa da ƙafa. Abin da aka ɗauko don ya ba Bature mamaki, mu da shi muke kiran ƙannenmu. Don haka kada ki auna baƙunta da kunnen wasu, masu saurarenki Hausawa ne.

Batun adadi kuwa kada ya dame ki. Harshen mutanen Hawai baƙaƙe 8 gare shi. Wani harshe mai suna Ubykh, wanda mutum na ƙarshe da ya iya shi sosai ya rasu a Turkiyya a 1992, yana da sama da 80. Duk mutane sun yi ciniki sun yi faɗa sun yi waƙa da su.

Karin sauti ni ina ganin ki sa. Mu da muke bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya, da wuya ta wahala da wuya na jiki, da hawa da saukar murya kawai, ai gadonmu ne. Ki riƙa ɗora alama a kan wasulan.

'Yar Jimeta

'Yar'uwa, ni Bafulatana ce da ta tashi da harshe biyu, bari in ba ki abin da kunnena ya saba ji. Abin da ya fi sa Bahaushe ya gane Fulatanci ake yi tun daga nesa shi ne mb, nd, nj, ng, kamar a mbaalu, tunkiya, da ndiyam, ruwa. Sai kuma yadda farkon kalma ke sauyawa in an yi jam'i. Pullo ɗaya, Fulɓe da yawa. Gorko namiji, worɓe maza. Debbo mace, rewɓe mata. Ke ma kin san ɗaya ba tare da kin lura ba: Kaɗo da Haɓe kalma ɗaya ce. Hausa a wutsiya take yin jam'inta, mu har kai muke taɓawa. In kina neman dokar da Baba ya ce ki ba yarenki, ga irinta. Dogon wasali kuma mu ninka shi muke yi a rubutu, aa, ee, oo, mai karatu ba ya buƙatar ya yi hasashe.

Roƙona ɗaya ne. Ki ɗauki dabarar, kada ki ɗauki kalmominmu, kuma kada ki kwashe duka. In mutanen kogon nan suka fito suna magana kamar Fulani, masu sauraro za su ce da mu kike, duk abin da suka aikata a labarin a kanmu zai sauka.

Mai Karatu

Anti, ni sana'ar da kike magana a kai nake yi, shekara huɗu ina karanta littattafai a gaban makirfo, don haka bari in faɗi ta ɓangarenmu. Mukan karanta shafi 20 ko 30 a zama ɗaya, da dare bayan yara sun yi barci, wani lokaci ana tsoron kada caji ya ƙare. Ba ma tsayawa mu yi nazarin kalma. Abin da ido ya gani, baki ya faɗa.

Saboda haka ban goyi bayan ɗan'uwana na Maraɗi ba a kan alamomin karin sauti. Hausar kanta ba ma sa mata su, ma'anar jimla ce ke gaya mana kuka wanne ake nufi. A yaren da ba wanda ya sani, me zai gaya min? Alamomin kuma rabin wayoyi ba sa fitar da su daidai, in an tura rubutu daga waya zuwa waya sai su zama akwatuna. Amma ki sani ko kin sa ko ba ki sa ba, da kari zan karanta, don Bahaushe ba ya iya magana ba kari. In kika bar ni, zan ba su irin na mota da tebur, sama sannan ƙasa, sai su yi kama da kalmomin aro. Ki ba mai karatunki doka guda tak wadda ta hau kowace kalma, ta riƙe.

Mb da nd na 'yar'uwata ta Jimeta suna da daɗi, amma a tsakiyar kalma. Muna da su a tambaya da gandu da dangi. A farkon kalma kuwa mutumin Kano sai ya sa musu wasali, shi ya sa muke cewa Injamena.

Sai abu na ƙarshe, wanda na fi so ki kula da shi. In za ki bi shawarar Baba ta rufe kalma da baƙi, ki guji n. Kunnenmu ya saba jin n a ƙarshe a matsayin mahaɗi: gidan wane, ruwan sha. In na ce shoolen, mai sauraro zai tsaya jiran shoolen wa, shoolen me. Haka r, motar wane, ko da yake shi an riga an ce ki cire shi.

'Yar Ƙofar Na'isa

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kwana biyar na yi shiru don ina kan littafin nan, na yage shafukan farko na sake daga tushe. Ga abin da na tsayar.

Baƙaƙe 13 na bari: m, n, t, k, s, sh, h, l, w, y, sai mb, nd, ng a tsakiyar kalma, ban da hamzar da ke gaban wasali. Babu r, babu f, babu b ko d ko g su kaɗai, babu mai ƙugiya ko ɗaya. Cire r ɗin nan ya fi komai ba ni wahala, hannuna sai ya riƙa rubuta shi da kansa, amma shi ne ya fi sauya fuskar yaren. Wasula huɗu, a, e, i, o. Na cire u, don na lura galibin inda aka saƙala wasali a tsofaffin kalmomina, ko i ne ko u, kuma u ɗin ne ya fi jawo ƙamshin Hausa. Dogon wasali na ninka shi kamar yadda 'yar'uwata ta Jimeta ta nuna. Kowace kalma da l ko s ko k ko m take ƙarewa. Na bar n saboda gargaɗin Mai Karatu, kuma da na gwada na ji abin da take nufi. Kari kuwa doka ɗaya: murya a ƙasa take tafiya, ta ɗaga a gaɓar ƙarshe, kamar yadda muke faɗin malamai. Ɗan'uwana na Maraɗi, ka yi haƙuri ban sa alamomin ba, amma maganarka ta kx da ƙ ita ce ta sa na daina kallon yaren da idon Bature.

Mutanen yanzu sunansu Yondel. Ruwa sheekel, wuta hiitos, uwa oomel. Jam'i a farkon kalma yake: t ya koma s, k ya koma h, m ya koma w. Tondak shugaba, sondak shugabanni. Kaatam dutse, haatam duwatsu. Mengis yaro, wengis yara. Ban ɗauki nj ba, ban ɗauki kalmar Fulatanci ko ɗaya ba, kuma zan ba wata maƙwabciyata Bafulatana jerin ta duba min kada wata ta faɗo ba da sanina ba. Wannan doka ta jam'i har ta ba ni fage guda da ban yi tsammani ba: yarinyar za ta daɗe tana zaton kaatam da haatam abubuwa biyu ne daban, sai ranar da wani yaro ya ɗora tsakuwa ɗaya a tafinta ya faɗi ɗaya, ya ƙara biyu ya faɗi ɗayar.

Na rubuta kalmomi 20 a takarda na ba mutum uku daban-daban: mai karanta min, da ɗana mai shekara tara, da ƙanen nan nawa. Ba wanda ya tsaya, ba wanda ya ƙara wasali. Ƙanena ya ce, "Wannan kam yare ne, Yaya. Na wace ƙasa ne?"

Sunan tsohon ne ya fi tsaya min, tunda kashi tara an riga an ji Bulos, ba zan iya goge shi daga kunnen mutane ba. Sai na mayar da shi cikin labarin. Ainihin sunansa Mboolos, kuma shi kaɗai ne kalmar da na yarda ta fara da mb a yaren gaba ɗaya, don sunan sarauta ne na kakanni. Yarinyar Bahaushiya ce, da kunnen Hausa ta ji shi, shi ya sa take cewa Bulos, su kuwa a yarensu babu b shi kaɗai babu u, don haka ba su ma san shi take kira ba. Za ta bi ta Imbolos tukuna, yaran kogon suna gyara mata. Ranar da ta faɗe shi daidai ita ce ranar da tsohon zai fara juyowa ya dube ta. Mai karatun ta yarda za ta sake naɗar wurare ukun da ruwa ya fito.

Saura abu ɗaya, Baba. Ɗana sheekal ya ce maimakon sheekel, Yondel kuma na ji kamar Yandal a bakinsa. Sauran biyun ma da suka yi sauri sun ɗan karkata can. Kuskurensu ne ko nawa?

Tsohon Malami, Zariya

Ba na kowa ba ne, 'yata, wata dokar Hausar ce ta leƙo. E da o ba sa jin daɗin zama a rufaffiyar gaɓa, sai su gajarce su karkata wajen a. Muna rubuta karen gida da zoben azurfa, amma ki saurari bakin mutane a Kano, karan da zoban za ki fi ji, har yaran yanzu haka suke rubutawa a waya. Ba sai kin cire su ba. Ki dai tabbata babu kalmomi biyu a littafinki da bambancinsu kawai e da a ne, ko o da a, a cikin rufaffiyar gaɓa. In babu, ko an ce sheekal ba a faɗa cikin wata kalmar ba, ruwa dai ake nufi.

'Yar Ƙofar Na'isa

Na duba, Baba. Biyu na samu: tondak da tandak, wanda na sa wa igiya, sai oomel da oomal, wanda na sa wa gishiri. Igiya ta koma tiindak, gishiri ya koma oomis. Kashi na 10 zai fita ranar Juma'a da daddare in Allah ya yarda.